Daddawar Inna a Firizar Riyadh

Ma'aikacin kwastan na Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid shi ne mutum na farko da ya raina daddawar Inna a ƙasar nan. Ya zuge jakata, ya ɗaga kayana da yatsu biyu, sai ga ƙullin a can ƙasa, leda uku, an naɗe da tsohon zani. Yana kwance leda ta biyu ya ja da baya, ya toshe hanci da hannun rigarsa.

"Esh haza?" in ji shi, wato mene ne wannan.

Ina da digiri na biyu a ilimin ƙananan halittu, na san sunan duk abin da ke cikin daddawa da Latinanci, amma a ranar ko ɗaya ban ambata ba. Na ce abinci ne. Ya kira abokinsa, shi ma ya shaƙa, suka yi dariyarsu mai isarsu, sannan ya tura mini ƙullin da bakin alƙalami kamar mushe. Na kwashe kayana mutane na kallo. Tun daga wurin nan na fara jin kunyar abin da ya raine ni, kuma wannan kunyar ce ta ci ni daga baya.

Abin da ya kawo ni Riyadh guda ɗaya ne. Malamina a Zariya ya ce mini, "Nasiru, ka samo sunanka a kan maƙala ɗaya tak a mujalla mai daraja, ni kuma zan nemo maka gurbin digiri na uku a waje." Sai ga talla: wani ɗakin bincike mai zaman kansa yana neman mataimakin bincike a kan ciwon kumburin hanji. Na nema, aka ɗauke ni. Direban da kafilina ya aiko, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya karɓi fasfona tun a cikin mota. Bayan mako biyar aka miƙo mini igama, katin izinin zama. A gurbin sana'a an rubuta: ma'aikacin shara. Da na yi magana sai aka ce, "Mafi mushkila, takarda ce kawai, irin bizar da ta rage wa kamfani ke nan. Bukra za a gyara." Wato ba matsala, gobe za a gyara. Har na bar ƙasar ba a yi bukran nan ba.

A Manfuha na sauka, a wani tsohon bene, mu shida a ɗaki biyu. Shugaban gidan Alhaji Ɗan'asabe ne, mutumin Gusau, direban wani attajiri, shekararsa sha tara a garin, kuma babu abin da ya rage masa na tsoro ko na mamaki. Ya dubi igamata, ya dubi takardun makarantata, ya kece da dariya.

"Ka ga wancan? Injiniya ne, bulo yake ɗauka. Wancan kuma mahaddaci ne, wankin mota yake. Kai me za ka riƙa yi?"

Na ce zan riƙa aiki da ɓeraye.

"To madalla, mun yi likitan ɓera. Sauran kyanwa."

Sunan ya bi ni ke nan. Amma ranar Juma'a da na kwance ƙullin Inna, kowa ya matso yana shaƙa. Aka kaɗa miyar kuka, aka tuƙa tuwon garin masara da aka sayo a shagon wani Bayamale. Alhaji ya kai loma ɗaya, ya ajiye hannu, ya daɗe yana kallon bango. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce, "Wannan hannun tsohuwa ne, ba ta kasuwa ba ce." Ya kafa doka nan take: rabin mulmule kowace Juma'a, ba ƙari, ko sarki ne ya zo.

Gaskiyarsa, hannun tsohuwa ne. Inna ta gaji daddawa daga uwarta a Bakori. Takan dafa kalwa yini guda, ta sussuka, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta zuba a wata tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki, ta rufe da ganye da tsumma, ta tura ƙuryar ɗaki kwana uku. Ƙwaryar nan ba a taɓa wanke ta da sabulu ba. Takan ce albarkar tana jikinta. Sai da na shiga jami'a na gane me take nufi: ƙananan halittun da ke nunar da daddawa a jikin ƙwaryar suke zaune, tun zamanin kakata.

Wurin aikina a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga. Fararen ɓeraye a cikin kejoji jere har rufi, ni ke ba su abinci, ni ke kwashe kashinsu, ni ke auna su kowace safiya. Akwai wani ciwo da ke sa garkuwar jikin mutum ta juya wa hanjinsa, ya kumbura, ya yi gyambo, mutum ya riƙa zawo da jini shekara da shekaru yana ramewa. A gida da yawa basir ake ce masa, a yi ta jiƙa saiwoyi. Mu kan zuba wa ɓeraye wani sinadari a ruwan sha, cikin mako guda su kamu da irinsa, sai mu gwada magani.

Maganin da shugabanmu Dakta Majid ya sa a gaba mai ban sha'awa ne, ba zan hana shi wannan ba. Akwai wata bakteriya marar cutarwa wadda in ta ji wuya takan dunƙule kanta cikin ɓawo mai tauri kamar ƙwallon magarya, ta kwanta. Zafi ba ya kashe ƙwallon nan, fari ba ya kashe shi, ruwan tsamin ciki ma ba ya narkar da shi. Sai ya isa hanji yake farkawa. Dabarar ita ce a liƙa masa magani ko rigakafi a bayan ɓawon, mutum ya haɗiye, ba allura, ba firiji. Ni da na taɓa ganin rigakafi ya lalace a asibitin ƙauye don an ɗauke wuta, ban buƙaci a yi mini dogon bayani ba.

Matsalar ita ce irin da suka sayo daga Turai rago ne. A farantin gwaji yana tsiro kamar gaske, amma a cikin ɓera sai ya wuce kamar baƙon da ya yi ɓatan kai. Wata takwas ina ɗura wa ɓeraye, suna zubar da jini, ina yanka su, ina auna hanjin da ya tsuke. Dakta ya riƙa saukowa sau ɗaya a mako, ƙamshin turarensa na riga shi isowa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ya Nasir, akwai labari?" In ce babu. Ya juya.

Wata Juma'a ina farfasa rabin mulmulen da doka ta yarda, sai na tsaya da hannu a sama. Bakteriyar da ke nunar da daddawa ai dangin wadda muke fama da ita ce, gida ɗaya, suna ɗaya. Bambancin, tamu ta sha dahuwa, ta sha ranar Bakori a kan rufin kwano, ta sha tafasa a tukunyar miya, kuma cikin mutanenmu ya san ta tun kaka da kakanni.

Ranar Lahadi na shiga da ɗan gutsure a aljihu, naɗe cikin takarda. An hana shiga da abinci ɗakin gwaji, an rubuta da harshe uku a ƙofa. Na jiƙa, na dafa don duk abin da ba ƙwallo ba ya mutu, na shafa a faranti, na tura can bayan akwatin ɗumi. Washegari farantin ya cika. Na yi mako uku ina tacewa har na ware iri guda mai tsabta. Akwai wasu ɓeraye shida da suka rage daga wani gwaji, an riga an sa a kashe su. Maimakon in kashe, sai na sa musu ciwon, na ɗura wa uku ƙwallon Inna, na bar uku.

Ukun da na bari suka dunƙule a lungu, gashi a tsaye, gindi duk jini. Ukun Inna kuwa sun rame kwana biyu, sannan suka miƙe suna ta hawa ƙarfen keji. Na tsaya a gabansu ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Mai duba yankan hanji a madubin likita wani dattijo ne ɗan Sudan, Ustaz Tayyib, mai farin gemu, wanda kullum yake raba mini shayinsa da ƙarfe goma. Na kai masa gilasai shida ɗauke da yankan hanjin ɓerayen nan, ban gaya masa na mene ne ba. Ya duba, ya cire tabarau, ya goge, ya sake dubawa.

"Ya zol," in ji shi, wato kai mutumin nan da Larabcin Sudan, "me ka ba waɗannan ukun?"

Na faɗa masa gaskiya. Bai yi dariya ba. Ya ce su ma suna da irinta a ƙauyensu. Sannan ya jawo littafin aikina, ya buɗe, ya ga shafin ranar babu komai sai nauyin ɓeraye.

"Rubuta," in ji shi. "Yanzu, a gabana. Ka rubuta daga ina ta fito, wa ya kawo, wa ya ware. Ka sa hannu, ni ma in sa. Sannan ka ɗauki hoton shafin ka aika wa kanka."

Na ce zan yi. Ban yi ba.

Na sha tambayar kaina dalili. Tsoro na ciki, tunda na karya doka biyu, na abinci da na taɓa ɓera ba izini. Kunya ma na ciki: in ɗauki alƙalami a wurin da kowane kwalba daga Jamus ta zo, in rubuta cewa daga kayan miyar uwata na samo, abin da aka toshe wa hanci a filin jirgi. Amma babban dalilin tarbiyya ce. A inda na tashi, ɗalibi ba ya kafa shaida a kan malaminsa. In ka yi farauta ka kawo wa babba, shi zai yanka ya ba ka kasonka, kuma neman a rubuta tun kafin a raba rashin kunya ne. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tunda ta haife ni, sai dai "kai wannan". Da haka na girma, ina ganin mutum ba ya bin sunansa da gudu, masu mutunci ne ke riƙe masa shi.

Dakta Majid da ya ga gilasan, a karon farko ya tako har cikin ɗakin ɓeraye. Bayan kwana biyu ya sa aka ɗauko ni zuwa ofishinsa na Ulaya, hawa na ashirin da wani abu. A lokacin an farfashe titunan unguwar ana haƙar hanyar jirgin ƙasa, sai da muka yi zagaye kamar masu neman ɓatacciyar akuya. Ya zaunar da ni a kujerar fata, ya zuba mini gahawa da hannunsa, ya turo dabino.

"Daga ina?"

Na ba shi labarin kalwa, da ƙwarya, da kakata. Ya saurara sosai, har yana tambayar kwana nawa ake rufewa.

"Akwai saura?"

Na ce akwai mulmule huɗu.

"Ka kawo duka, mu adana. Yanzu faɗa mini, me kake so?"

Ga ƙofa a buɗe, ga ni a bakinta. Kalma biyar ta ishe ni: a sa sunana a maƙalar. Sai na ji bakina na cewa abin da aka koya masa tun yana ƙarami. "Haba Dakta, ba komai. Ai a ƙarƙashinka nake. Duk yadda ka yi daidai ne."

Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ce ni mutumin kirki ne. Na sauko ina jin daɗi, wai na nuna masa ni ɗan gidan mutunci ne.

Da yamma na kwashe mulmulen huɗun nan daga gwangwanin da muke ɓoyewa. Alhaji Ɗan'asabe yana zaune yana yanke farce.

"Ina za ka da miyarmu?"

Na yi masa bayani. Ya ajiye reza.

"Ya ba ka takarda?"

"Alhaji, mutumin nan babban malami ne."

"Ban tambaye ka karatunsa ba. Ya ba ka takarda?"

Na ce a'a.

"Kai likitan ɓera, kara a gida ake yin ta, inda in ka yi wa mutum ya san bashi ne a wuyansa. Nan in ka ce ba komai, to ba komai ɗin ne. Bar mana ko ɗaya, ko don shaida."

Na ce an ce duka. Ya ɗauki rezarsa ya ci gaba da yankan farce. Daga ranar miyarmu ta koma ta dunƙulen kanti, kuma ba wanda ya sake yi mini maganar, abin da ya fi zagi ciwo.

Shekara biyu na yi a kan aikin nan. Aka nemo izini da kwanan wata sabo, aka sake gwajin da ɓeraye masu yawa, aka sake, aka kuma sakewa. Aka ɗauko wata ƙwararriya daga waje ta liƙa wa ƙwallon sinadarin rigakafi, ya ɗauka, ɓerayen suka nuna garkuwa. Ni ke noma ƙwallon, ni ke wankewa, ni ke ƙirgawa, ni ke ɗurawa a baki ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsana na dama har yau da tabon cizo. Ƙanwata ta yi aure ban je ba, aka ce gwaji na tsaka, ba za a ba ni bizar fita ba. Baffana da ya riƙe ni ya rasu, a wayar hannu na yi ta'aziyya, a tsaye a bakin ɗakin ɓeraye. Duk sanda na kira Inna takan ce, "Kai wannan, suna dai riƙe ka da kyau ko?" In ce ƙwarai. Sashen maƙalar da ke bayanin yadda aka yi aikin ni na rubuta shi da hannuna, shafi shida, Dakta ya ce Turancina ya fi na kowa a wurin.

Ustaz Tayyib ne ya nuna mini, da ƙarfe goma, lokacin shayi. Bai zuba shayin ba, ya juyo mini da kwamfutarsa kawai. Maƙalar ta fito. Sunaye takwas. Na Dakta, na ƙwararriyar, na Tayyib, na wasu likitoci biyu, da wasu uku da ban taɓa ganin ƙeyarsu a ginin ba. Na karanta daga dama, na karanta daga hagu. Na gangara ƙasa wurin godiya, an gode wa hukumar kamfani da wanda ya gyara zane. Sannan na koma shafukana shida. Kalmomina ne, har waƙafi, sai layi ɗaya da aka canza. An raɗa wa bakteriyar suna da haruffan sunan Dakta, kuma an ce an samo ta daga ƙasar wata gonar dabino a wajen gari.

Rashin sunana ya yi mini zafi, amma gonar dabinon nan ita ta fi ci mini rai.

"Na yi magana," in ji Tayyib, idonsa a ƙasa. "Dakta ya ce in kawo shafin da aka rubuta. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta a nan, ya zol. Ka yafe mini."

Ban jira motar kamfani ba. Na hau tasi zuwa Ulaya da rigar aiki a jikina. Wannan karon ba gahawa.

Na ce, "Dakta, ina sunana?"

Bai ɗaga murya ba, wannan ma wani salon wulaƙanci ne. Ya ce in fito da igamata. Na fito da ita. Ya sa yatsa a gurbin sana'a.

"Karanta. In sa ma'aikacin shara a jerin marubuta, gobe hukuma ta tambaye ni me ya kai shi taɓa gwaji? Kai za a fara kamawa."

"To gonar dabino fa? Ƙarya ce, ka san ƙarya ce."

"Ya Nasir, wa zai zuba jari a maganin da aka ce daga ruɓaɓɓen wake na Afirka ya fito? Wa zai haɗiya? Kuma in mun rubuta haka, sai a nemi takardar izinin fito da shi daga ƙasarku. Kana da ita? Ka shigo da shi a aljihu, ka ba dabbobi ba izini, ba ka rubuta ko layi ɗaya ba. Rufa maka asiri na yi." Ya jingina da kujera. "Kuma na tambaye ka me kake so, a nan, a kujerar nan. Me ka ce?"

Abin haushin, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma da ita ya naɗe ƙaryar. Na ce to ko takardar shaida ya rubuta mini, in kai wa malamina. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Bayan mako guda aka ba ni ambulan mai tambarin zinariya. Layi uku. An shaida cewa na yi shekara uku ina tsabtace ɗakin dabbobi, ina zuwa a kan lokaci, kuma ina da ladabi.

Ina da ladabi. Wannan kam ba su yi ƙarya ba.

Na aika wa malamina maƙalar da dogon bayani. Ya amsa da gajeren saƙo: ya yarda da ni, amma kwamitin da zai kai wa suna suke dubawa, ba labari ba. Gurbin ya tafi ga wani.

Alhaji Ɗan'asabe bai ce ai na faɗa maka ba. Ya karanta takardar ladabin, ya ninke, ya miƙo mini. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji shi. "Tashi ka ci abinci." Ranar shi ya zuba mini da kansa, ya tsamo mini naman da ke nasa kwanon.

Ba zan ɓoye ba, na yi niyyar ɓarna. Irin yana cikin babbar firiza a ƙarshen baranda, a akwati na uku, ƙananan kwalabe goma sha biyu, kuma rubutun da ke jikinsu nawa ne. Tukunyar da muke turara kayan aiki don kashe ƙwayoyi tana taku goma daga wurin, ita kaɗai ce ke iya ƙwallon nan. Minti ashirin ya isa. Wata azahar, kowa ya tafi salla, na buɗe firizar, na jawo akwatin, sanyin na cizon yatsuna ta cikin safar hannu.

Ina so in ce tausayi ne ya hana ni, don akwai wata mata da nakan gani a asibitin da ke samanmu tana kawo ɗiyarta budurwa mai irin ciwon nan a keken marasa lafiya, ta rame kamar sillen kara, kuma ta faɗo mini a rai a lokacin. Amma kyamarar da ke saman ƙofa ma ta faɗo mini, da fasfona da ke cikin durowar wani. Ban san wanne ya fi nauyi ba. Abin da na sani shi ne na tsaya ina kallon kwalaben nan, sai na ga ba na Dakta ba ne, ko da me ya rubuta. Jikokin ƙwaryar kakata ne a kwance cikin ƙanƙara a ƙasar da ba su san kowa ba, kamar ni. Na kasa dafa su. Na mayar da akwatin, na rufe, na je na yi alwala.

Da kwantiragina ya ƙare na nemi fita ta dindindin. Ba su roƙe ni ba, sun riga sun koya wa wani aikin. Tayyib ya raka ni har bakin titi, ya cusa mini ƙullin ganyen shayi a jaka, ya kasa haɗa ido da ni. Alhaji ya ari motar maigidansa ya kai ni filin jirgi. A can direban kafili ya miƙo mini fasfona, na ga har ya yi ƙura a gefe. Babu wanda ya buɗe jakata a wannan karon, ba abin da ke cikinta mai wari.

Na isa Bakori da la'asar. Tun daga zaure na ji ƙamshin, ranar buɗe ƙwarya ce. Inna tana tsakar gida a kan tabarma, ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa, tana mulmulawa tana jerawa a faifai. Ta ɗago, ta dube ni, ta kawar da kai yadda ta saba, ta ce wa autarmu a kawo wa wannan ruwa.

Sai bayan na ci tuwo, na ba kowa tsarabarsa, gida ya lafa, sannan ta yi tambayar. Tun shekara biyu da suka wuce na taɓa gaya mata a waya cewa shugabana ya karɓi daddawarta, ashe tana riƙe da maganar.

"Balaraben nan naka, ya ji daɗinta kuwa?"

Na ce, "Ya ji, Inna. Bai rage ko gutsure ba."

Fuskarta ta washe. "Ka gani ko. Ya san abu mai kyau. Ka ce masa ta Bakori ce?"

"Na faɗa masa."

"To madalla." Ta jawo faifan, ta fara zaɓar manya-manyan tana warewa gefe, tana ƙirgawa da leɓe. "In ka sami mai tafiya sai a kai masa waɗannan. Kada ka karɓi ko sisinsa, ka ji ko? Mutumin da ya riƙe maka ɗa shekara uku, ai ba a yi masa ciniki."

Na buɗe baki in gaya mata. Na dubi hannunta, na dubi ƙwaryar da ke kife a gefenta da ɗinkinta na tsohon zare.

Na ce, "To, Inna."